Yadda za ka tsere wa kuɗin ruwan obadiraf kafin asusunka na giraduwet ya ƙare

Duk wanda ya yi jami'a a Birtaniya kuma ya samu asusun ɗalibai ya san daɗin obadiraf. Kuɗinka ya ƙare tun tsakiyar wata amma kati bai daina aiki ba, ka shiga shago ka ɗora ya wuce, banki ya ba ka dama ka gangara ƙasa da sifili har fam 1,000 ko 2,000 wani ma 3,000 kuma ko sisin kwabo ba a ɗora maka a kai. Ka gama karatu su juya maka asusun ya koma na giraduwet, wato na waɗanda suka kammala digiri, a ci gaba da gashi, shekara 2 wani bankin 3. To a nan ne mutum yake mantawa cewa kuɗin nan fa ba nasa bane, saboda ya daɗe yana kallon alamar ragi a gaban balans ɗinsa har ido ya saba, idan albashi ya shigo ya ga ya dawo kusa da sifili sai ya ji kamar ya yi arziki. Ni kaina haka na yi ta yi, sai da wasiƙar banki ta zo na karanta sau biyu sannan jikina ya yi sanyi.

Abin da wasiƙar ke cewa a taƙaice shi ne ranar kaza asusunka zai koma asusu na kowa da kowa, kuma daga ranar duk abin da ake binka zai fara haihuwa. Ruwan kuma ba ɗan kaɗan bane. Tun watan Afrilun 2020 da hukumar FCA mai sa ido kan bankuna ta canza doka, ta hana su cajin nan na kullum ko na wata wata, ta ce kowa ya faɗi ruwansa a lamba ɗaya ta shekara, sai yawancin manyan bankunan suka je suka tsaya wajen kashi 40 cikin 100, za ka ga an rubuta 39.9% EAR, wato jimlar ruwan shekara, ko wani abu kusa da haka. Wannan ya fi ruwan yawancin katunan bashi tsada, mutane da yawa basu san haka ba, suna ganin katin bashi ne dodo obadiraf kuma ɗan gida. In ka lissafa, a kan 39.9% duk fam 1,000 yana jawo maka kamar fam 28 a wata, kusan fam 1 kenan kullum. Fam 1,500 kuwa wajen fam 42 a wata, in ka bar shi shekara guda baka taɓa ba ya doshi fam 600, kuma asalin bashin na nan daram ko gezau. Ga wanda yake gudun riba saboda addini kuma maganar ta wuce lissafi ma, shekaru ya yi yana amfani da kuɗin hankalinsa kwance don babu ruwa a kai, rana ɗaya kawai a wayi gari ya shiga abin da yake gudu ba tare da ya sa hannu a sabuwar takarda ba.

Farkon abin yi, kuma wallahi shi ne wanda aka fi tsallakewa, ka nemo ranar. Ainihin ranar nake nufi, da watanta da shekararta, ba ka ce ai wajen bazara ne ba. Shiga manhajar bankin ka yi musu magana ta wajen hira, ko ka buga waya, ka tambayi abu uku, yaushe asusun zai juya, nawa ne iyakar da babu ruwa a kai yanzu, kuma akwai ranar da za a rage iyakar kafin ƙarshen ko babu. Wannan ta ukun tana kama mutane sosai domin asusun giraduwet da yawa a matakala suke sauka, a ce shekarar farko fam 2,000 babu ruwa, shekara ta biyu ya koma 1,000. Idan ana binka 1,800 ranar da aka sauko da shi, 800 ɗin da ya haura ya fara cin ruwa kenan tun asusun bai ƙare ba. Wasu bankunan ma daga lokacin gama karatunka suke ƙirgawa ba daga ranar da suka juya asusun ba, shi ya sa kar ka yi aiki da abin da abokinka ya ce maka, bankinsa daban naka daban. Ka kuma duba adireshin da ke kan asusun, da yawa har yanzu gidan hayar da suka zauna a shekarar ƙarshe ta makaranta ne a rubuce, wasiƙa tana can tana zuwa wa wasu.

Da ka samu ranar sai lissafi, mai sauƙi ne amma akwai inda ake yaudarar kai. Kar ka duba balans ranar da albashi ya shigo. Ka duba na jajiberin albashi, ranar da ka fi nitsewa, wannan shi ne bashinka na gaskiya. Ɗauko sitetimen na wata 3 ko 4 ka ga inda kake kaiwa kowane wata. A ce fam 1,500 ne kuma saura wata 10, to fam 150 kenan duk wata. Saura wata 5, fam 300. Saura sati 3, to kai ba maganar biya a hankali kake ba, ka gangara ƙasa inda na yi maganar mayar da bashin wani wuri.

Matsalar obadiraf da ta bambanta shi da sauran basussuka ita ce ba wanda yake cewa ka biya kaza duk wata. Bashin mota akwai ranar biya, katin bashi akwai mafi ƙarancin abin da za ka biya, shi kuwa wannan yana kwance ne cikin asusun da kake cefane da shi, ka zuba 150 yau da niyyar biya, zuwa ƙarshen wata ka cinye ta ba ka ma sani ba. Saboda haka dole kai ka ƙirƙira masa ranar biya da kanka, kuma dabarar da ta fi yi min aiki ita ce rage iyakar da hannuna. Yawancin manhajojin banki suna barinka ka sauke iyakar obadiraf ɗinka da kanka cikin minti ɗaya. Ranar albashi, tun kafin ka sayi komai, ka shiga ka sauke ta daga 1,500 zuwa 1,350. Wata mai zuwa 1,200. Haka haka. Ƙofar da ka rufe ba za ka koma ta cikinta ba. Sai dai ka sani saukewa ba wuya amma in ka nemi a mayar maka sama sabon nema ne, suna iya duba tarihin bashinka kuma suna iya hanawa, don haka kar zumuɗi ya ɗebe ka ka sauke 500 a tashi ɗaya sannan kuɗin haya ya zo ya tarar ba wuri, a mayar da biyan, mai gida ya fara kira. Sannu sannu bata hana zuwa.

Dabara ta biyu da take tafiya da wannan, ka raba wajen cin abinci da wajen bashi. Buɗe wani asusu na biyu wanda babu obadiraf a kansa ko kaɗan, duk wata ka tura masa kuɗin kashewarka na abinci da mota da sauran ƙananan abubuwa, katin wancan tsohon kuma ka cire shi daga wayarka ka jefa a durowa. Amma a kula, ka bar albashin ya ci gaba da shiga tsohon asusun tukunna sannan ka ɗebo. Na ga masu ba da shawarar a kwashe albashi gaba ɗaya a kai sabon banki a bar tsohon yana zaune da bashi, wannan akwai haɗari, domin sharaɗin asusun giraduwet da yawa shi ne ya zama babban asusunka da kuɗi ke shiga a kai a kai, kuma obadiraf a ƙa'ida bashi ne da banki zai iya cewa a biya shi duk lokacin da ya ga dama. Basu cika yin hakan haka kawai ba, amma asusun da aka daina zuba masa komai shi ne irin wanda suke fara waiwaya.

To ina kuɗin zai fito, tunda albashin farko dai an san yadda yake. In kana da ajiya, fara da ita. Na san yana da ciwo, mutum ya tara fam 800 a gefe yana jin daɗin kallonsu, amma ba hikima a riƙe kuɗin da ba ya kawo maka abin kirki alhali ga bashi can zai fara cin kashi 40. Muddin babu ruwa tukunna kana iya barinsu inda suke, amma ka sa ƙararrawa a waya sati guda kafin ranar ka kwashe ka zuba. Sati guda na ce, domin wasu asusun ajiya sai an ba su sanarwa ko su ɗauki kwanaki kafin kuɗi ya fito. In ma ajiyar a banki ɗaya take da bashin, ka sani suna da hurumin ɗiba daga wannan su biya wancan idan abu ya lalace, gara kai ka yi da hannunka a lokacin da ka zaɓa.

Sai kuɗaɗen da suke naka amma baka bi ba. Duba takardar albashinka ka ga lambar harajin da aka sa ka, yawancin ma'aikata 1257L ce, mai nufin fam 12,570 na farko a shekara ba haraji a kai. Sabbin ma'aikata da yawa ana fara su da lambar wucin gadi ko wadda ba daidai ba a yi ta yankar musu fiye da ƙima, in haka ne ka tuntuɓi hukumar haraji ta HMRC su gyara su dawo maka da abin da ya hau. Kuɗin ajiyar da ka ba mai gidan haya na makaranta, ka karɓo ko ka manta? Harajin kansul, wato na ƙaramar hukuma, da yanzu ya hau kanka tunda ka daina zama ɗalibi, in kai kaɗai ne babba a gidan akwai ragin kashi 25 amma sai ka nema. Sannan ka bi jerin abubuwan da ake cire maka duk wata, na kallo, na waƙa, na wajen motsa jikin da rabonka da shi tun sanyin bara, waɗanda ka shiga da farashin ɗalibi sun koma cikakken farashi shiru ba sallama.

Abu ɗaya da zan ce kar ka yi, kar ka ɗauki rarar kuɗinka ka kai wa bashin karatu na gwamnati kana da obadiraf a wuya. Shi wancan daga albashi ake cirewa, kashi 9 na abin da ya haura wani mataki, in albashinka bai kai ba ba a taɓa ka, baya fitowa a fayil ɗin bashinka, wato tarihin bashin da masu ba da rance ke dubawa, kuma bayan shekara 25 ko 30 ko 40 gwargwadon tsarin da kake kai ana yafe abin da ya rage. Ba shi ke cin wuta ba yanzu.

Yanzu ga wanda lissafinsa ya nuna ba zai gama kafin ranar ba, wanda shi ne mafi yawanmu in za a faɗi gaskiya. Kafin ka je ko'ina ka fara da bankin naka. Ka kira tun da sauran wata 2 ko 3, ka ce asusuna zai juya ranar kaza, ana bina kaza, zan iya biyan kaza duk wata, me za ku iya yi min. Ka zo da lamba a bakinka, wanda ya ce zan biya 120 duk wata na gama a wata 9 ba a yi masa kallon wanda ya kira yana kame kame. Ba dole bane su yarda, amma dokar FCA ta ɗora musu su lura da masu zama cikin obadiraf wata da watanni su kuma taimaka wa wanda ya shiga matsi, kuma cikin abin da suke iya yi akwai rage ruwan ko dakatar da shi na wani lokaci, ko tsara maka saukar iyakar a hankali. Tambaya ɗaya kar ka kashe waya baka yi ta ba, shin wannan tsarin zai fito a fayil ɗin bashina? Domin wani tsarin ana rubuta shi a matsayin wanda ya kasa biya yadda aka saba, kuma in kana shirin neman bashin gida nan da shekara 2 gara ka sani tun yanzu. Ka rubuta ranar da ka kira da abin da aka ce maka, in ta hira ce a manhaja ka ɗauki hoton allon.

Hanya ta gaba canza banki. Wasu bankunan suna karɓar wanda ya gama digiri cikin shekara 2 ko 3 da suka wuce a asusunsu na giraduwet ko da ba a wajensu ya yi na ɗalibai ba, za su nemi shaidar kammalawa. In naka na shekara 2 ne ka samu mai shekara 3 ka ga ka ƙara wa kanka lokaci. Akwai kuma asusu na kowa da kowa da ke ba da ɗan wani yanki babu ruwa, kamar fam 250 na farko da bankin First Direct ya daɗe da shi, ga kuma kyautar kuɗi da bankuna kan ba wanda ya koma wajensu, sau da yawa tsakanin fam 100 da 200, wadda in ta shigo kai tsaye cikin ramin za ka jefa ta. Komawar kanta ba wahala, akwai tsarin Current Account Switch Service tun 2013, cikin kwana 7 na aiki suke kwashe komai, albashi da duk abin da ake cirewa, su rufe tsohon.

Amma ga inda ake faɗawa rami. Tsarin yana kwashe asusu, bashi kuma sai sabon bankin ya yarda ya ba ka obadiraf da ya kai ya rufe na tsohon. In ana binka 1,200 su kuma suka ce 500 za su ba ka, ragowar 700 tsohon bankin zai ce ka kawo, ga shi ka bar gidansu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago kenan. Don haka kar ka danna fara komawa sai ka ga a rubuce nawa suka ba ka, nawa ne babu ruwa a ciki, kuma har zuwa yaushe. Yawancin bankuna suna da wajen gwaji a shafinsu da zai nuna maka ko za ka samu ba tare da ya bar tabo a fayil ɗinka ba, yi amfani da shi. Nema na gaske shi ke barin alama, in ka jera nema 4 ko 5 cikin wata ɗaya duk wanda ya duba zai ga kamar wuta ce ta kama ka, sai a yi ta hana ka. Kafin ma ka fara, duba fayil ɗin naka a Experian da Equifax da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye shi, kyauta ne ganinsa, in akwai kuskuren adireshi ko wani tsohon bil na waya da ka manta ka gyara tukun.

Sai katin bashi mai ruwa 0%, kuma a nan a natsu domin iri iri ne kuma sunayen suna kama. Akwai wanda aikinsa kwaso bashi daga wani katin zuwa wani, wannan ba zai yi maka ba domin naka ba a kati yake ba. Wanda kake nema shi ne mai tura tsabar kuɗi cikin asusun banki, suna ce masa moni tiransfa. Za su tura maka kuɗin cikin asusun ya rufe obadiraf, bashin ya koma kan katin babu ruwa na wasu watanni, amma akwai ladan turawa da ake ɗorawa sau ɗaya, galibi kashi 3 zuwa 5. Misali fam 1,500 a kan kashi 4 ya zama 1,560, in wata 12 aka ba ka to fam 130 duk wata ka gama, ka kwatanta fam 60 da wancan kusan 600 ɗin. Sharuɗɗan ne dai basa son wasa. Turawar sai cikin kwanakin farko da buɗe katin, sau da yawa 60 ko 90. Ka makara biyan wata ɗaya suna iya janye 0% ɗin gaba ɗaya, don haka ka saita a riƙa cira da kansa. Kar ka yi sayayya da shi, kar ka kuskura ka cire kuɗi da shi a na'urar ATM, wannan ruwa yake hawa tun ranar. Mafi muhimmanci kuma, ranar da kuɗin ya shiga asusun ya koma sifili, a ranar ka sauke iyakar obadiraf ɗin ko ka soke ta. Na san wanda bai yi haka ba, wata 8 ya waiwaya ya ga bashi biyu, na kati da sabon obadiraf, duk shi kaɗai.

Akwai ƙanin wannan, katin da sayayya ce babu ruwa a kanta na wasu watanni, ka riƙa cefanenka na dole da shi albashi kuma ya zauna a asusu ya cike ramin, ba ladan turawa. Yana aiki amma sai mai riƙon kai sosai, in ka san kati a hannunka kamar wuta ne a auduga bar shi. Ga mai duba ɓangaren addini kuma, katunan nan duka akwai sharaɗin ruwa a cikin yarjejeniyarsu ko da baka kai ga biyansa ba, malamai kuma sun yi saɓani a kan sa hannu a irin wannan, ka zauna da malamin da ka yarda da shi ka faɗa masa yadda abin yake dalla dalla kafin ka nema.

Wanda ya fi duka sauƙi kuma ya fi nauyin baki shi ne rance wajen ɗan'uwa. Yaya ko kawu ko aboki ya ba ka 1,000 ka rufe, ka riƙa mayar masa 100 duk wata babu ƙari. In za ka yi, ka rubuta, nawa ne, yaushe za a fara, yaushe za a gama, ka saita turawar ta riƙa tafiya da kanta ranar albashi don kar ya zama sai ya tambaya, tambayar ce ke ɓata zumunci ba kuɗin ba. Ka leƙa wajen aikinka ma, wasu ma'aikatun suna ba da rancen tikitin jirgin ƙasa na shekara babu ruwa a riƙa cira daga albashi, wannan kaɗai yana iya sakar maka wani abu duk wata. Bashin banki na kai da kai ko na ƙungiyoyin ajiya da rance na haɗin gwiwa da ake kira kiredit yuniyon shi ma sau da yawa ruwansa bai kai 40 ba kuma yana da ranar gamawa, sai dai shi rage ruwa ne ba tsere masa ba, kuma ka duba lambar da aka ba ka kai, ba wadda ke kan talla ba. Masu ba da bashin nan na kafin albashi kuwa ko kallonsu kar ka yi, doka ta bar su su caji har 0.8% a rana ɗaya, obadiraf mai 39.9% bai kai 0.1% a rana ba.

In duk ka yi ranar ta zo da saura, ba a mutu ba, sai a rage ɓarna. Ruwan obadiraf kullum ake lissafa shi a kan abin da ake binka a ranar, saboda haka duk kwanan da kuɗi ya yi a asusun riba ce gare ka. Fam 50 da ta shigo hannunka yau zuba ta yau, kar ka jira ƙarshen wata. Bil ɗin da za ka iya matsar da ranar cirarsu, ka matsar da su kusa da ƙarshen watan albashinka maimakon washegarin shigarsa, kuɗin ya ɗan kwana yana danne bashin, da sharaɗin ba za ka ga balans ya yi kyau ka cinye ba, in ka san halinka to bar su a farkon. Ka kunna saƙon gargaɗi na banki. In kuma kana da wani bashin a gefe, ka jera su ka ga wanne ya fi ruwa, kar ka yi mamaki in obadiraf ne a sama, shi za ka fi zuba wa sauran ka ba su mafi ƙaranci.

Wanda abin ya fi ƙarfinsa gaba ɗaya, ba aiki ko albashin ko haya baya rufewa, kar ya yi shiru yana ɓoye wasiƙu a ƙarƙashin katifa. Bashi hanji ne yana cikin kowa. StepChange da National Debtline da Citizens Advice duk kyauta suke ba da shawara, duk wanda ya ce ka biya shi kafin ya taimake ka da bashi wuce shi. Ta hannun irin waɗannan masu ba da shawara ake shiga tsarin Breathing Space da aka fara a 2021 a Ingila da Wales, kwana 60 a tsayar da ruwa da caji da matsin masu bin bashi har ka samu ka tsara kanka, Sukotlan kuma tana da nata tsarin daban. Abin da ake gudu shi ne banki ya rubuta ka a wanda ya gaza biya, domin wannan tabon shekara 6 yake yi a fayil, ya bi ka wajen neman bashin gida da kwangilar waya har wani lokacin hayar ɗaki. Barin ƙasar ma baya goge shi. In kuma kana ganin bankin ne bai kyauta ba, a ce ka gaya musu kana cikin matsi suka share ka suna ta cajin ruwa, ka shigar da ƙorafi a rubuce, suna da sati 8 su ba ka amsa, in bata gamsar da kai ba ka wuce Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin mutane da bankuna, cikin wata 6 da amsar, shi ma kyauta ne.

Ranar da ka kai sifili kuma kar ka yi saurin share asusun tas. In har ruwa ya taɓa hawa ko na kwana 10 ne, a bankuna da yawa ba a ranar ake cire shi ba, sai sun haɗa na watan su sanar da kai sannan su cira a watan gaba. Ni nan ya kama ni, na rufe bashin na kwashe ragowar canjin na kai ɗaya asusun, bayan sati 3 sai ga saƙo wai na koma ƙasa da sifili da fam 11 da 'yan kai. Ka duba sitetimen na ƙarshe ka ga nawa suka ce za su cira da ranar da za su cira, ka bar musu shi a ciki da ɗan ƙari, sai ya fita ka ga balans bai motsa ƙasa ba sannan ka shiga manhaja ka soke iyakar.